Abin da Muka Gada a Gidanmu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rayu da ciwon da likitoci ke kira baifola, ciwon da kan ɗaga mutum sama har ya wuce misali, sannan ya dawo ya kayar da shi cikin matsananciyar damuwa. Gwaggona, ƙanwarsa, ta taɓa rikicewa bayan haihuwar fari. Ƙanena da ke bi mini ya kamu yana jami'a. Ni kuwa, cikin ikon Allah, ban taɓa kwanciya da shi ba. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Kano, ina da miji da 'ya'ya. Ina rubuta wannan ne don irina, 'ya'ya da yayye da ƙannen masu wannan lalura, waɗanda ake ce wa "ai ku lafiyarku ƙalau", alhali mu ma akwai abin da muke ɗauke da shi wanda ba a cika tambayarmu a kansa ba.

Baba ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Idan yana cikin lafiyarsa ba ka da mutum mai sanyin hali kamarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Amma akwai lokutan da barci kan ƙaurace masa. Da farko sai ka ga kamar nishaɗi ne kawai: yana ta zance, yana ba'a, yana raba wa yaran unguwa kuɗi. Kafin mako ya zagayo magana ta fara fin ƙarfin bakinsa, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, ya ɗauko dila-dilan kaya bashi, ya ce zai buɗe shaguna a garuruwa uku lokaci guda. Da tsakar dare za ka ji shi a tsakar gida yana lissafi da ƙarfi. Wanda duk ya ce masa "Alhaji, a bi a hankali" ya zama maƙiyi. Bayan wannan sai faɗuwar ta zo. Ya shige ɗaki, ya sa a saki labule, a kai masa tuwo a dawo da shi yadda aka kai. Watanni yana haka, masu bin bashi suna sallama a zaure, Umma tana fita tana ba su haƙuri.

An ce iska ce, an ce sammu ne daga abokan kasuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Ba na raina addu'a, da ita muka rayu. Sai dai shekaru sun tafi kafin wani amininsa ya matsa aka kai shi asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda aka ɗora shi a kan litiyam, maganin da wani likitan Ostareliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa tun 1949. Daga nan gidanmu ya samu sauƙin da ban taɓa sanin akwai shi ba. Maganin yana da nasa ka'idoji: gwajin jini a kai a kai, duba ƙoda da maƙoƙo, da yawan shan ruwa, musamman a zafin bazara, don rashin ruwa a jiki na iya sa maganin ya taru ya zama guba. Ko azumi sai da shawarar likita yake ɗauka.

Abin da na fita da shi daga wannan ƙuruciya shi ne karanta fuska. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa tun ina firamare na zama gwana a wannan tambaya. Da Baba ya yi sallama ya cire takalmi, kafin ya ce uffan, na san irin daren da za mu yi. Ina kallon gefen bakinsa, da yadda idonsa ke yawo, da yadda ya ajiye hularsa. Idan na ga alamar tashi, sai in kwashe ƙannena mu shige ɗakin Umma. Wannan hali bai bar ni ba da na girma. A ɗakin malamai, shugabar makaranta ta ɗan ɗaure fuska, gabana ya faɗi, in wuni ina binciken laifin da na yi. Maigidana ya dawo a gajiye bai yi fara'a ba, ni kuma cikina ya ɗuri ruwa. Wani abin da ya fi damuna shi ne, a taron biki kowa na ta murna, ni idona na kan mutum ɗaya da ke zaune a gefe fuskarsa ba walwala. Fuskoki hamsin masu dariya ba sa shiga raina kamar yadda guda ɗaya mai ɓacin rai ke shiga.

Akwai kuma tsoro. Wanda ya fara neman aurena, danginsa sun yi bincike kamar yadda aka saba, suka janye. Maganar da ta dawo kunnenmu ita ce, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi kuka, amma abin da ya fi kukan ciwo shi ne ni ma a zuciyata na yarda da su. Duk ranar da na ji farin ciki ya yi mini yawa sai in tsorata, in ce ko shi ne ya fara. Duk ranar da na tashi jikina a mace sai in ce to, ga shi nan ya iso.

Ranar da aka kira ni aka ce ƙanena ya yi kwanaki bai runtsa ba a ɗakin kwanan ɗalibai, yana cewa ya gano hanyar da zai kawo ƙarshen matsalar wutar lantarki a ƙasar nan, ban tsaya tambayar ko mene ne ba. Na san muryar tun a waya. "Yaya, ki saurare ni, Yaya, wallahi na gano, ba wanda ya taɓa ganowa sai ni." Muryar Baba ce sak. A wannan karon ba mu yi yawo ba, kai-tsaye asibiti muka nufa.

Likitar da ta duba shi ita ce ta fara yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba. Bayan ta gama rubuta tarihin gidanmu, ta ajiye biro ta ce, "Malama, ke fa? Yaya barcinki?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "Yaya zuciyarki?" Sai hawaye. Na gaya mata zancen fuskoki, da tsoron da nake kwana da shi. Ta ce tunda ni malamar kimiyya ce, in je in karanta binciken da ake yi a kan 'ya'yan masu irin wannan ciwo waɗanda su ba su kamu ba, zan ga kaina a ciki, kuma zan samu abin da zai rage mini tsoro. Na bi shawararta, na shafe dare da yawa a kan intanet bayan yara sun yi barci.

Na fara da lissafin gado, don shi ne ya hana ni sukuni. Gaskiya ne baifola na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da gado ke da ƙarfi a cikinsu. Binciken tagwaye ya nuna kaso 60 zuwa 85 cikin ɗari na bambancin haɗari tsakanin mutane daga ƙwayoyin gado yake. Wannan adadi ya firgita ni, sai da na fahimci ba yana nufin kaso 80 na 'ya'ya za su kamu ba. A cikin jama'a gaba ɗaya, mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ke da ciwon. Ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ke da shi, haɗarin kan kai kamar biyar zuwa goma cikin ɗari. Ya ninka ƙwarai, amma mafi yawanmu, kusan tara cikin goma, ba za mu taɓa yin baifola ba, ko da yake ciwon damuwa zalla ma ya fi yawa a irin gidajenmu. Hatta tagwaye masu kama ɗaya, da suka fito daga ƙwai guda, ana samun Hassan ya kamu Usaini ya tsira. Kuma babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce. A 2021 wata babbar haɗakar masu bincike ta duniya ta gano wurare 64 a jerin ƙwayoyin gadon ɗan'adam da ke da alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani, daga baya adadin ya ƙaru zuwa kusan 300. Kowane ɗa da irin rabon da yake ɗiba, shi ya sa ni da ƙanena muka fito ciki ɗaya amma hanyarmu ta bambanta.

Sai na shiga ɓangaren ƙwaƙwalwa, inda na fi daɗewa. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu ƙanana, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana kiransu amigdala. Aikinsu kamar na maigadi ne a bakin ƙofa: da ya hango abin da bai yarda da shi ba sai ya busa usur, tun kafin maigida ya san me ke faruwa. Amigdala na amsa fuskar tsoro ko ta fushi cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ta sa zuciya ta buga, jiki ya ɗauki shiri. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke auna lamarin ya ce a kwantar da hankali ko a tashi tsaye. Akwai kuma wani sashe a can ciki da ke kula da jin daɗi da lada, wanda ke motsawa idan mutum ya ga murmushi ko ya samu abin da yake so. Ana iya ganin aikin waɗannan sassa da wani nau'in hoton na'urar MRI da ke bin sawun iskar oksijin a cikin jini, domin duk sashen da ke aiki jini kan ƙaru a wurin. Wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, shi ya gano tushen wannan dabara a 1990.

Binciken da ya sa na ajiye waya na yi shiru shi ne wanda Christopher Monk da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2008. Sun ɗauki yara da matasa waɗanda iyayensu ke da ciwon damuwa, da wasu waɗanda iyayensu ba su da shi, suka sa su cikin na'ura suna nuna musu hotunan fuskoki. Idan aka bar su suna kallo kawai, 'ya'yan masu ciwon amigdalarsu ta fi tashi a kan fuskar tsoro, sashen jin daɗinsu kuma ya fi yin sanyi a kan fuskar farin ciki. Abin da nake ji a gidan biki ke nan, an auna shi a ƙwaƙwalwar yaran da ban taɓa gani ba, a wata ƙasa mai nisa. Amma akwai kashi na biyu. Da aka ba su aikin da zai riƙe hankalinsu, kamar su kimanta faɗin hancin mai hoton, sai bambancin ya ɓace, kuma aka ga alamar sashen gaban ƙwaƙwalwarsu yana ƙara himma. Ma'ana, saurin firgitar yana nan, amma abin da ke riƙe shi ma yana nan, yana kuma aiki.

A Jami'ar Stanford, Ian Gotlib da Jutta Joormann sun yi aiki da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 waɗanda iyayensu mata suka sha fama da ciwon damuwa, su kuwa yaran ba su taɓa yi ba. Sun gano cewa bayan an ɗan sosa musu rai, idonsu ya fi karkata ga fuskar baƙin ciki, yayin da sauran 'yan mata ke karkata ga mai murmushi. Shekarun ɗalibaina ke nan na ƙananan azuzuwa, kuma tun daga lokacin nake kallon wasu daga cikinsu da wani ido daban. A birnin Pittsburgh na Amurka kuma, Boris Birmaher da Mary Phillips sun daɗe suna bin 'ya'yan masu baifola, kuma a can ma an ga bambanci a yadda amigdala ke amsa fuskoki da yadda take hulɗa da sashen gaba. Myrna Weissman ta Jami'ar Columbia ta bi wasu iyalai tun 1982, daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, ta ga haɗarin ciwon damuwa ya ninka kusan sau uku ga 'ya'yan masu shi.

Dole in faɗi wani abu a nan, don na san halinmu da neman gajeriyar hanya. Kada wani ya kwashi ɗansa ya tafi a ɗauki hoton kansa don a gaya masa ko zai kamu. Waɗannan sakamako matsakaicin rukuni ne, an kwatanta gungun yara da wani gungu, kuma da yawan binciken mutane kaɗan ne a cikinsu. Na Monk bai kai yara 40 ba. Babu hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin jini da zai nuna makomar mutum guda. Har yau likita da tambaya da sauraro da tarihin gida yake gane ciwon. Haka nan ba komai ne gado ba. Eamon McCrory a Landan ya nuna a 2011 cewa yaran da suka tashi cikin tashin hankali a gida, amigdalarsu kan yi saurin amsa fuskar fushi. Baba bai taɓa ɗaga mana hannu ba, amma yarinyar da ta shekara da shekaru tana gadin fuskar mahaifinta ta horar da ƙwaƙwalwarta a kan hakan. Nawa rabon, na yi imani, jini ne da tarbiyyar tsoro suka haɗu.

Wannan sani ya sauke mini wani nauyi da na daɗe ina ɗauka. Da ina ganin raunin imani ne ke sa gabana faɗuwa, ko kuwa hauka ce ke leƙowa. Yanzu idan na ga fuska a ɗaure, zuciyata ta buga, nakan ce wa kaina amigdala ce ta yi aikinta, saura in ba sashen gaba lokaci ya yi nasa. Nakan ja numfashi, in yi istigfari, in tambayi kaina me na gani da idona, me kuma na ƙara daga raina. Wani lokaci in tambaya kai-tsaye: "Malam, lafiya na ga ranka a ɓace?" Sau da yawa amsar ita ce cunkoson hanya ne ko ciwon kai. Na kuma je na zauna da mai ba da shawara a kan halayyar ɗan'adam, ta koya mini yadda ake kama mugun tunani tun yana ƙarami a gwada shi da hujja.

Barci kuwa na riƙe shi da muhimmanci ƙwarai, don rashinsa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da baifola ga mai haɗarinsa. Da na samu ciki na fari na tuna da Gwaggo, na gaya wa likitar awo tarihin gidanmu ba tare da ɓoye komai ba, domin makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne mai hatsari ga matan irin danginmu. Da na je wankan gida, Umma ta karɓi jaririyar da daddare, ba ta tashe ni sai don shayarwa. Masu zuwa barka ma ta sa musu lokaci. Wasu sun ji haushi, ta ce, "Ku yi haƙuri, 'yata za ta yi barci." Allah ya saka wa Umma da alheri, ita ta fi kowa sanin abin da take karewa.

Akwai bincike biyu da nake so kowace uwa da kowane uba mai wannan lalura ya sani. A 2006 Weissman da abokan aikinta sun nuna cewa idan aka yi wa uwa maganin ciwon damuwa ta samu sauƙi, 'ya'yanta ma matsalolinsu kan ragu cikin 'yan watanni. A 2009 kuma Judy Garber da tawagarta sun gwada koyar da dabarun sarrafa tunani ga matasa 316 'ya'yan masu ciwon damuwa. Cikin waɗanda aka koyar, kimanin kaso 21 cikin ɗari ne suka kamu a lokacin binciken, cikin waɗanda ba a koyar ba kuwa kusan kaso 33. Sai dai amfanin bai fito ba a gidajen da uwa ko uba ke cikin ciwon a lokacin. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna shekarun da Baba ya yi ba magani, da abin da suka ci mana mu yara. Mai shan maganinsa a kan lokaci yana yi wa 'ya'yansa rigakafi ne, ko bai sani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk waɗannan bincike a kan Turawan Amurka da na Turai aka yi su. An fara wani babban aikin tattara bayanan ƙwayoyin gado na masu irin waɗannan cututtuka a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu, amma mu a nan har yanzu likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Sai a farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Muna da asibitoci a Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri, kuma mutane na samun sauƙi a cikinsu, amma kunya na hana da yawa zuwa sai abu ya ɓaci. Gidaje irin namu, masu yawan dangi da auren zumunci da zuri'a uku a gida ɗaya, suna da abin da za su koya wa masu bincike. Idan aka zo neman masu sa kai, ni da ƙanena mun riga mun yi magana, za mu ba da jininmu, mu shiga na'urar.

Ƙanena ya koma ya ƙarasa karatunsa, yana aiki, yana shan maganinsa. Da ya tashi neman aure, kawunmu ya so a rufe zancen. Shi ya ƙi. Ya ce, "Kawu, gara su ji daga bakina da su ji a bakin unguwa." Ya je da takardar likitarsa, ya zauna gaban mahaifin yarinyar ya yi masa bayani. Dattijon ya nemi a ba shi lokaci, ya yi shawara da wani likita ɗan'uwansa, sannan ya aiko a turo magabata.

Babbar 'yata ta kusa gama sakandare, kuma na zaunar da ita na gaya mata komai: ciwon kakanta, na kawunta, da lissafin haɗarin yadda yake, ba ƙari ba ragi. Na ce idan ta ga ta yi dare biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, ko ta ga mako biyu sun wuce ba abin da ke yi mata daɗi, ko tunanin cutar da kanta ya zo mata ko da sau ɗaya ne, ta kira ni a ko wane lokaci, ko ta kira kawunta. Na gargaɗe ta a kan wiwi da ƙwayoyi da kwana karatu da kofi lokacin jarrabawa, don ƙwaƙwalwar gidanmu ba ta ɗaukar irin wannan wasa. Ta tambaye ni, "Mama, ni ma zan yi?" Na ce mata mafi rinjayen zato a'a, kuma ko da Allah ya ƙaddara, mun san sunansa, mun san maganinsa, mun san ƙofar asibiti. Ta karɓi lambar likitar kawunta ta adana a wayarta, ta ce in bar mata ƙannenta, ita za ta yi musu bayani idan sun kai shekarunta.